Wat Nawa Ne a Cikin Wannan Hasken? Yadda Gilashi Mai Shan Zafi Ke Auna Ƙarfin Leza

Wa ya auna lambar da aka rubuta a jikin na'urar leza, kuma da me ya auna ta? Tambayar ta zama ta kowa tun da leza ta fito daga ɗakunan bincike ta shiga hannun jama'a. Ga ƙaramar tocila mai nuna abu a allo, an rubuta mata miliwat 5. Ga injin zane a kan katako, an ce wat 40 ne. Ga na'urar goge zanen jiki a asibitin fata, ga ta kankare tsatsa daga ƙarfe, kowacce da lambarta. Sai ka ga masu saye biyu sun auna na'ura iri ɗaya, wannan ya ce an cuce shi, wancan ya ce ƙarfin ma ya zarce abin da aka rubuta. Wani kuma ya ɗora ma'auninsa mai tsada gaban leza wadda ba ta wuce wat ɗaya ba, fuskar ma'aunin ta ƙone nan take, ya rasa dalili.

Duk wannan ruɗani tushensa ɗaya. Haske ba ya hawa sikeli, ba a kuma tara shi a mazubi. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a tare shi, a mayar da shi zafi, a auna zafin. To inda zafin ya sauka, da saurin da ya sauka, su ne ke raba ma'aunin da ya faɗi gaskiya da wanda ya yi ƙarya ko ya lalace. A nan wani irin gilashi mai haɗiye haske ya samu aikinsa.

## Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Jul shi ne awon makamashi, wato yawan abin da aka zuba gaba ɗaya. Wat shi ne saurin zubawa: jul ɗaya a kowane sakan. Miliwat kashi ɗaya ne cikin dubu na wat.

Leza kuma iri biyu ce ta fuskar fitar da haske. Akwai mai zuba shi babu yankewa, kamar famfon da aka bari a buɗe. Akwai mai tara shi ta sake shi a harbi guda, ta sake tarawa ta sake harbawa. Ɗauki lezar da ke fitar da milijul 100 a kowane harbi, sau 10 a sakan. In ka haɗa, jul ɗaya ne a sakan, wat ɗaya ke nan, abin da bai kai ƙaramin ƙwan fitila ba. Amma idan kowane harbi nanosakan 10 yake ɗauka, wato kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na sakan, to a cikin wannan ɗan lokaci ƙarfin ya kai wat miliyan 10. Duk lambobin biyu gaskiya ne, kuma na'ura ɗaya suke bayyanawa. Mai talla ya san wadda zai zaɓa.

Kalma ta uku ita ce tsawon zango, irin wanda masu sauraron rediyo suka sani, sai dai na haske da nanomita ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka. Abin da ya haura nan shi ne infared, ido ba ya ganinsa amma yana ɗauke da makamashi kamar kowane haske. Abin da ke haɗiye wani zango yana iya barin wani ya wuce ta cikinsa kamar babu shi.

## Daga reza zuwa waya mai jin zafi

Lokacin da Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ranar 16 ga Mayun 1960, a ɗakin binciken Hughes da ke Malibu a Kalifoniya, babu wani tsayayyen ma'auni da aka tanada dominta. Masu bincike na farkon shekarun nan sukan jera reza, su harba, su ƙirga nawa hasken ya huda. Har suna cewa wannan leza Gillette biyu ce, waccan Gillette huɗu. Abin dariya ne a yau, amma ko a lokacin zafi suke aunawa, illa dai ta hanyar ɓarna.

Yau ma'aunai na yau da kullum gida biyu ne. Na farko shi ne fotodayod, ɗan guntun silikon da ke mayar da haske wutar lantarki kai tsaye. Yana da sauri, yana jin haske komai ƙanƙantarsa. Aibinsa shi ne yana da son kai: wat ɗaya na haske ja da wat ɗaya na kore ba sa ba shi amsa ɗaya, don haka dole ka gaya masa zangon da kake aunawa kafin ya yi lissafi. Bayan nanomita 1,100 kuwa silikon ya makance.

Na biyu shi ne mai aiki da zafi. Wani baƙin faifai ne ke tare hasken ya ɗumama, zafin ya riƙa gangarawa zuwa ga jikin ƙarfe mai sanyi da ke kewaye. A kan hanyarsa an jera mahaɗan ƙarafa iri biyu, waɗanda ke fitar da 'yar wutar lantarki idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. Thomas Seebeck ne ya gano wannan ɗabi'a ta ƙarafa a 1821. Wutar da ta fito tana tafiya daidai da yawan zafin da ke ratsawa. Wannan ma'auni bai damu da launi sosai ba, muddin baƙin faifan ya shanye hasken. Duk maganarmu a kan wannan "muddin" ɗin take.

## Me ya sa baƙin fenti ke ƙonewa

Abu mafi sauƙi shi ne a shafa wa faifan alminiyam baƙin fenti ko wani siririn shafe na yumɓun masana'anta. Hasken yana tsayawa a fatar sama, cikin kaurin da bai wuce 'yan maikuron ba. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ga leza mai zuba babu yankewa wannan ya yi kyau ƙwarai, domin zafi na sauka ƙarfen da ke ƙasa na kwashewa.

Gajeren harbi ne ke ɓata lissafin. Zafi yana buƙatar lokaci kafin ya yi tafiya, kuma a cikin nanosakan 10, ko a cikin alminiyam, bai fi tafiyar maikuron ɗaya zai yi ba. Ma'ana ƙarfen da ke ƙasa bai ma san an yi harbi ba har an gama. Duk makamashin yana nan maƙale a inda ya sauka.

Mu ɗan yi lissafi, domin shi ne zuciyar batun. A ce jul ɗaya ya sauka a kan fili mai faɗin santimita ɗaya tsawo ɗaya. Yawancin abubuwa masu tauri suna buƙatar jul biyu zuwa uku kafin kowane santimita mai fuska shida ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan jul ɗin nan ya tsaya a kaurin maikuron ɗaya, zafin zai nemi tashi da digiri kusan 4,000. Babu fentin da zai jure. Yana tashi ya zama tururi, ka ji 'yar ƙara, ka ga farin tabo. Daga ranar ma'aunin ya fara ƙarya, domin tabon yana mayar da hasken da ya kamata ya haɗiye, kuma wani ɓangare na makamashin ya tafi wajen ƙona fentin maimakon ɗumama faifan.

Yanzu a bar jul ɗin yadda yake, a shimfiɗa shi cikin kaurin milimita ɗaya. Wurin ya ninka sau dubu. Zafin zai tashi da digiri huɗu kacal. Wannan shi ne dukan dabarar: a samo abin da haske zai nutsa cikinsa yana raguwa sannu a hankali, ba ya yi karo da bango ba.

## Gilashin da ke haɗiye haske a cikinsa

Gilashi ya dace da wannan aiki saboda ana iya sarrafa duhunsa. A wajen narka shi ake zuba sinadaran ƙarafa irin su baƙin ƙarfe da kobalt da nikel, a auna yawansu gwargwadon duhun da ake so. Haske idan ya shiga, kowane mataki na kauri yana cinye kaso ɗaya na abin da ya iso gare shi. Idan matakin farko ya ci rabi, na biyu zai ci rabin abin da ya saura, na uku haka. Bayan mataki goma abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Sai a manna gilashin a kan faifan ƙarfe mai ɗauke da mahaɗan jin zafi. Harbi ya sauka cikin ƙiftawar ido, gilashi ya riƙe zafin a jikinsa, sannan ya riƙa miƙa shi ga ƙarfen a natse.

Lura da cewa fuskar gaba ita ce ta fi shan wahala ko a nan, tunda ita ke karɓar hasken da cikakken ƙarfinsa. Shi ya sa zaɓen duhu ciniki ne. Gilashin da ya yi duhu da yawa ya koma kamar fenti. Wanda ya yi haske da yawa sai an yi shi da kauri, in ba haka ba hasken ya ratsa ya wuce.

Kamfanin Schott na Jamus, wanda Otto Schott ya kafa a Jena a 1884 tare da Ernst Abbe da Carl Zeiss, yana daga cikin fitattun masu yin irin waɗannan gilasai. Jerin da yake kira NG masu launin toka ne zuwa baƙi, suna shan launuka kusan bai ɗaya, kuma NG1 shi ne mafi duhu. Akwai kuma jerin KG, su KG1 da KG3 da KG5, waɗanda su ne ainihin abin da 'yan kasuwa ke kira gilashi mai shan zafi. Hoya na Japan ma yana yin irinsu. In ka ɗaga KG sama za ka gani ta cikinsa tar, da ɗan alamar kore-kore, amma infared yana shiga ya mutu a ciki saboda sinadarin baƙin ƙarfen da aka zuba. An daɗe ana sa shi a majigin hotuna domin kada zafin fitila ya narka fim.

Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan biyu abu ɗaya ne saboda sunan. Wanda ya sa KG ya tare lezar nanomita 1,064 ya yi daidai. Wanda ya sa shi ya tare koren haske na 532 zai ga ma'auninsa kusan shiru, hasken kuma ya wuce ya sauka a bango ko a idon wani. Lezar iskar kabon mai zango 10,600, wadda ake yanka da ita, tata daban ce: kowane gilashi baƙi ƙirin ne a wurinta, a fatar sama take tsayawa, don haka duk fa'idar nutsawa ta tafi.

Manyan lezoji na binciken haɗa ƙwayoyin zarra su ne suka matsa wannan fasaha gaba. A ɗakin binciken Livermore na Amurka, Stuart Gunn ya yi aiki a shekarun 1970 kan ma'aunai masu haɗiye harbi a cikin jikinsu, lokacin da harbin da ake yi a can ya fi ƙarfin kowane shafe. A wannan wuri ne, ranar 5 ga Disamban 2022, aka harba jul miliyan 2.05 ta hanyoyin haske 192 aka samu jul miliyan 3.15. Duniya ta yi ta maganar lamba ta biyu. Ni ta farkon ce ta fi ɗaukar hankalina, domin da ba a iya auna abin da aka zuba ba, babu mai iya cewa an samu riba.

## Inda gilashin ke gazawa

Abin da ya sa gilashi ya yi kyau shi ne kuma rauninsa. Ba ya kai zafi da sauri. Jan ƙarfe ya fi shi saurin kai zafi kusan sau 400. Don haka ma'auni mai gilashi yana da nawa, sai ka jira sakanni kafin lamba ta tsaya, kuma mai gaggawa zai karanta ƙasa da gaskiya.

Mafi muni shi ne idan aka ɗora masa leza mai zuba babu yankewa da ƙarfi. Tsakiya ta yi zafi tana neman buɗewa, gefe yana nan da sanyi ya ƙi, sai gilashin ya tsage. Ma'aunin da ya jure wat miliyan 10 na nanosakan goma yana iya fashewa a ƙarƙashin wat da ba su taka kara sun karya ba, in aka tattara su a ɗan ɗigo aka bar su. Wannan ne ke ba sababbin shiga mamaki. Takardar kowane ma'auni tana ɗauke da iyaka biyu, ɗaya ta jul a kowane santimita, ɗaya ta wat a kowane santimita, kuma sai an duba dukansu tare da faɗin hasken.

Sai maganar sheƙi. Fuskar gilashi mai santsi tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata kai tsaye. Ta fuskar lissafi wannan ba matsala ba ce, tunda sananne ne kuma ana cike shi wajen saita ma'auni. Ta fuskar ido kuwa, kashi 4 na wat miliyan 10 wat dubu 400 ne, suna dawowa a miƙe kamar daga madubi. Shi ya sa ake ɗan karkatar da kan ma'auni, a san inda hasken da ya dawo zai sauka, kada ya koma cikin lezar ko ya nufi fuska. Gilashin KG kuma ba ya son laima, fuskarsa tana dusashewa idan ya daɗe a wuri mai danshi.

Idan ƙarfi ya kai dubban wat, kamar na yankan ƙarfe da walda, sai a koma ga ruwa. Ana zagaya ruwa a bayan abin da ke tare hasken, a auna zafinsa a mashiga da mafita. Lita ɗaya a minti ɗaya da ta ƙaru da digiri ɗaya tana nufin kusan wat 70.

## Wa ke auna ma'aunin

Ma'aunin zafi yana da wata kyakkyawar ɗabi'a: ana iya gwada shi ba tare da haske ba. A manna masa 'yar waya mai ɗumama abu, a ba ta wutar lantarki da aka san adadinta sarai, a ga me zai nuna. Idan wat ɗaya na lantarki da hasken leza suka ba da amsa ɗaya, hasken wat ɗaya ne, bayan an cire abin da ya dawo. A kan wannan dabara hukumomin awo na ƙasashe suka dogara, irin su NIST a Boulder ta Kolorado, da PTB a Jamus, da NPL a Birtaniya. Nasu ma'aunai ana sanyaya su kusa da ƙarshen sanyi, kuma kuskurensu bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Daga su ake saita na masana'antu, daga nan a saita na kasuwa, wanda kuskurensa yakan kai kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. Masu ƙera su sukan ba da shawarar a mayar a sake saitawa duk shekara, amma kaɗan ne ke yi.

Akwai masu ganin lokacin haɗiye haske ya kusa wucewa ga manyan lezoji. NIST ta ƙera ma'aunin da madubi ne a kan sikeli mai tsananin ji: haske yana tura abin da ya bugi, kuma wat 1,000 da suka dawo daga madubi suna tura shi da nauyin da bai kai miligiram ɗaya ba. Fa'idarsa ita ce hasken yana ci gaba da aikinsa ana auna shi. Amma sikelin da ke jin wannan nauyi yana jin iska da takun ƙafa, ga ƙananan lezoji kuma turin ya yi ƙanƙanta. A ganina gilashi zai daɗe a wurinsa wajen gajeren harbi.

## Abin da ya shafi mai saye

Koren leza na hannu shi ne misalin da ya fi kusa da kowa. Yawancinsu ba kore suke haifarwa kai tsaye ba. Akwai fitila mai zango 808 da ke kunna wani lu'ulu'u ya fitar da 1,064, sannan wani lu'ulu'un ya raba zangon biyu ya zama 532, kore. Biyun farko infared ne, kuma aikin wani ɗan matacin gilashi ne ya tare abin da ya saura daga cikinsu. Masu neman rage kuɗi sukan cire shi. A 2013 NIST ta gwada irin waɗannan tociloli guda 122, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na korayen da kusan kashi 44 na jajayen sun saɓa wa ƙa'idar Amurka, wadda ta tsayar da iyaka a miliwat 5.

Haɗarin infared shi ne ido ba ya ƙiftawa dominsa, alhali yana ratsawa har bangon bayan ido, inda ido ke tattara haske ya ninka tsananinsa kusan sau 100,000. Ɗigon kore yana iya zama dishi-dishi, musamman idan na'urar ta yi sanyi, infared ɗin kuma yana fita da ƙarfinsa.

A nan ma'aunai ke saɓawa. Fotodayod da aka saita a kan 532 zai ƙirga hasken 808 da farashin kore, alhali silikon ya fi jin 808, sai lambar ta kumbura. Ma'aunin zafi zai ba da jimilla ta gaskiya amma ba zai ce nawa ne kore ba. Mai gwaji da ya san aikinsa yakan auna sau biyu, ɗaya haka nan, ɗaya da guntun gilashin KG a gaba, ya cike ɗan koren da gilashin ya ci. Bambancin shi ne infared ɗin da ke fita a ɓoye.

Injinan zane kuma tasu dabarar daban. Wat 40 da ke jikin kwali sau da yawa wutar da injin ke ja ce daga soket, hasken da ke fita kuwa yana iya zama wat biyar ko kusa da haka. A asibitin fata abin ya fi nauyi, domin likita da jul a kowane santimita yake aiki. Idan fitilar na'urar ta tsufa tana ba da ƙasa da abin da allo ya nuna, magani ba zai ci ba. Idan an canja mata kaya ba a sake aunawa ba, tana iya ƙona fata. Waɗannan na'urori gajeren harbi suke yi, don haka ma'aunin da ya dace da su shi ne mai haɗiye haske a cikin jikinsa, kuma mai zuwa a yi masa aiki yana da damar tambaya yaushe aka auna na'urar ta ƙarshe.